Mudun Awon Injiniya: Lacca a Kan Gyara Intabiyun Ɗaukar Masu Rubuta Manhaja

 

 An ce in yi magana a kan yadda ake yi wa masu rubuta manhajar kwamfuta intabiyu kafin a ɗauke su aiki. Na amsa gayyatar ne don kujerun nan biyu duk na zauna a kansu: an titsiye ni, ni ma na titsiye wasu. A kujera ta biyun na fi yin ɓarna, don haka da laifina zan fara.

Shekarun baya, a wani kamfani da na yi wa aiki, muna neman injiniya ɗaya. Wani saurayi ya shigo cikin shadda fara, ta sha guga. Mu uku ne a zaune. Na miƙa masa maka, na nuna masa farin allo, na ce ga jerin bayanai masu sarƙe da juna, kowane yana nuna na gabansa, ya rubuta mana yadda za a juya jerin, na ƙarshe ya dawo farko. Ya rubuta layi uku, ya goge da tafin hannu. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa, har tawadar ta ɓata masa hannun riga. Fanka na juyawa, amma zufa ta jiƙa masa wuya. Ɗaya daga cikinmu yana ta latsa waya. Da minti ashirin ta cika na ce, "To madalla, mun gode, za ka ji daga gare mu." Kowa a zauren nan ya san fassarar wannan magana. A takardata kalma uku na rubuta: bai iya ba.

Muka ɗauki wani da ya warware tambayar cikin minti shida, ko numfashi bai ja ba. Daga baya muka gane haddace ta ya yi. Yaron kirki ne, amma idan aka ba shi manhajar da wani ya rubuta aka ce ya nemo inda take ciwo, sai ya kwana uku yana kewaye. Wannan kuwa shi ne kashi mafi yawa na aikin da muka ɗauke shi ya yi.

Mai farar shaddar fa? Ban sake jin ɗuriyarsa ba har yau. Ku riƙe wannan, domin a nan cutar take. Idan ka ɗauki wanda bai dace ba, kullum da safe kana ganin kuskurenka a ofis, yana gaishe ka. Idan ka kori wanda ya dace, ba ya dawowa ya nuna maka. Shi ya sa mai yin intabiyu kan shekara goma yana tafka kuskure iri ɗaya, yana kuma ƙara yarda da kansa. Abin da ya farkar da ni, wani dare na rufe intanet na ɗauki biro na gwada tambayar da kaina. Na wuce minti ashirin ɗin nan, kuma babu mai kallona. Wanzami ba ya son jarfa. Na kuma lissafa, duk zamana a kamfanin ko sau ɗaya aiki bai taɓa sa ni rubuta wannan abu ba.

Intabiyu mudu ce. Duk wanda ya taɓa zuwa awon hatsi a Dawanau ko kasuwar ƙauyensu ya san akwai kwanon da aka buga wa gindi ya lotsa ciki: ido na ganin ya cika har da tozo, amma abin da ke ciki bai kai ba. Bambancinmu da mai irin wannan kwano shi ne, shi ya san kwanonsa ya lotsa, mu ba mu sani ba. Muna cewa ƙwarewa muke aunawa, alhali wani lokaci hadda muke aunawa, wani lokaci taurin zuciya a gaban manya, wani lokaci zaƙin Turanci.

Kwanon ma ba mu muka ƙera shi ba, aro muka yi daga Amurka. A shekarun 1990 kamfanin Microsoft ya yi suna wajen yi wa masu neman aiki tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su me ya sa ake yin murfin ramin lambatu na kan titi zagayayye. Abin ya yi tashe har wani marubuci, William Poundstone, ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2003. Google ya gaji al'adar, ana tambayar mutum ƙwallon golf nawa za su cika jirgin sama. Sai dai Google ya yi abin da yawancinmu ba ma yi, ya koma ya auna mudunsa. A 2013 shugaban sashen ma'aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya shaida wa jaridar New York Times cewa irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne kawai, ba sa nuna komai, amfaninsu ɗaya shi ne mai tambaya ya ji shi ma wani ne. Ya ƙara da abin da ya fi wannan ɗaci. Sun duba dubban intabiyoyi, suka gwada makin da kowane mai tambaya ya bayar da yadda ma'aikacin ya kasance daga baya a bakin aiki, ba su ga wata alaƙa ba. Mutum ɗaya ne kacal hasashensa ke cin daidai, shi ma don a fage ɗaya tak yake tambaya, fagen da ya fi kowa saninsa.

Da aka bar wasa ƙwaƙwalwa sai aka koma tambayoyin algoridim a kan allo. Kalmar ma, in yi ɗan ratse, daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta fito, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ilimi ne mai daraja, ba na raina shi. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka mai da shi hadda. Littafin Gayle Laakmann McDowell, Cracking the Coding Interview, bugunsa na shida na 2015 yana ɗauke da tambayoyi 189 da amsoshinsu. Dandalin LeetCode na da dubbai. Yau akwai samarin da ke shafe wata uku zuwa shida suna tilawar waɗannan tambayoyi kamar masu shirin musabaƙa. Wa ke da wata shida na zaman tilawa? Wanda babansa ke ciyar da shi. Magidanci mai aikin yini, ko uwar da ke goyo, ba su da shi, ko da sun fi ƙwarewa. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri Homebrew, manhajar da ɗimbin injiniyoyi masu kwamfutar Mac ke amfani da ita kullum, ya fito a Twitter ya ce Google ya ƙi ɗaukarsa don ya kasa juya bishiyar bayanai mai rassa biyu-biyu a kan allo. Maganar ta zaga duniya ne don dubban mutane sun ga kansu a cikinta.

Sai batun tsoro, wanda shi ne ya kayar da mai farar shadda. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina da kamfanin Microsoft, cikinsu har da Mahnaz Behroozi da Chris Parnin, suka tara ɗaliban kimiyyar kwamfuta 48, suka raba su gida biyu. Tambaya ɗaya, allo iri ɗaya. Rukunin farko suna warwarewa mai tambaya na tsaye a kansu, suna kuma bayyana tunaninsu da baki. Rukuni na biyu aka bar kowa shi kaɗai a ɗaki. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. A cikin matan da suka shiga, duk waɗanda aka kalla sun faɗi, duk waɗanda aka bari su kaɗai sun ci. Masu binciken da kansu sun ja kunne cewa adadin matan kaɗan ne, kada a gina gini a kai. Na yarda. Amma duk malamin da ya taɓa kiran ɗaliba gaban aji ya ga hannunta na rawa da alli, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a daina gwada mutane. Akwai masu takardar digiri da ba sa iya rubuta layi goma, kuma ba yau aka fara ba. Tun 2007 ake yawo da wata ƙaramar jarrabawa mai suna FizzBuzz: ka sa kwamfuta ta ƙirga daga 1 zuwa 100, inda lamba ke rabuwa da 3 ta rubuta Fizz, inda take rabuwa da 5 ta rubuta Buzz, inda take rabuwa da duka biyun ta haɗa su. Aikin minti biyar ne, amma na ga masu kyakkyawar takarda sun maƙale a kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tambayar ita ce da me za a gwada.

Je ka wurin tela a Kantin Kwari ko a unguwarku, ka ce kai ma tela ne, kana neman keke. Ba zai tambaye ka tarihin keken ɗinki ba. Zai jefo maka yadi da almakashi ya ce yanka mini wuyan kaftani, ya koma kan aikinsa, yana satar kallonka ta wutsiyar ido. Bakanike zai nuna maka motar da ta ƙi tashi. Mu masu kwamfuta, da muke ganin mun fi kowa wayewa, mu ne kaɗai muke gwada mutum da abin da ba shi zai yi ba, a kan allon da ba a kansa zai yi aiki ba, muka kuma hana shi kayan aikinsa.

Ga abin da nake yi yanzu. Ina da wata 'yar manhaja, layukanta ba su kai ɗari uku ba, tana kwaikwayon aikin mai POS. Na dasa mata cuta da gangan, cutar da kowa a nan ya taɓa ɗanɗanawa: an tura kuɗi, sabis ya yanke kafin amsa ta dawo, mai shago ya sake dannawa, an cire wa mutum kuɗi sau biyu. Nakan ba mai neman aiki kwamfuta, ko ya zo da tasa, intanet a buɗe, in ce, "Ga kukan da abokan ciniki ke kawowa. Ka karanta minti goma sha biyar kai kaɗai, zan je in sha shayi." Ina fita da gaske, ba laɓewa nake yi ba. Idan na dawo sai in ja kujera in zauna a gefensa, ba gabansa ba, mu duba tare.

A cikin awa ɗaya nakan ga abin da allo ba zai nuna mini ba ko a wuni. Wani yana buɗewa sai ya hau gyara, bai ma sa cutar ta bayyana a gabansa ba tukuna. Wani zai ce a kashe maɓallin bayan dannawar farko, wanda dabara ce amma ba ta kai ba, domin wayar na iya mutuwa a kunna ta a sake turawa. Wata yarinya da ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba, muryarta ko fita ba ta yi sosai, ta yi shiru tana karantawa, can ta ɗago ta ce, "Malam, kowace hada-hada tana da lambarta ta daban tun daga na'urar mai shago, ko sai ta iso nan ake ba ta?" Jijiyar ke nan. Idan lambar daga na'urar take fitowa, to ko sau goma aka turo, uwar garke za ta gane abu ɗaya ne, ta cire kuɗi sau ɗaya. Ba ta gama rubuta gyaran ba lokaci ya cika, amma ta rubuta gwajin da ke kama cutar, ta kuma lura da wani abu da ban dasa da gangan ba: na ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo maimakon in ƙirga su da kwabo. Ta tuna mini cewa a yawancin harsunan kwamfuta idan ka tara 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif za ka samu ba, akwai ɗan ɓurɓushi a can ƙarshe. Na ji kunya, na kuma ɗauke ta.

Amma aikin gaske shi kaɗai bai isa ba idan kowane mai tambaya da nasa kwanon. A nan zan kawo Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya sami kyautar Nobel a 2002. A 1955, yana ɗan shekara 21 a rundunar sojin Isra'ila, aka ɗora masa gyara yadda ake tantance sababbin sojoji. Ya tarar ana hira da yaro ne kawai na kwata ɗaya ko minti ashirin, mai hira ya faɗi abin da ransa ya ba shi. Sai ya ware halaye shida, ya tsara wa kowanne tambayoyinsa na zahiri, ya ce a ba kowane hali maki daga 1 zuwa 5, ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallaka. Masu hirar suka yi bore, suka ce an mai da su inji. Ya ce to, bayan kun gama shidan, ku rufe ido ku ba da hukuncin zuciyarku. Sakamakon ya fi na da nesa, har shi kansa hukuncin zuciyar ya gyaru, don ya zo ne bayan an tattara hujja.

Bincike na baya ya bi sawunsa. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara nazarce-nazarcen shekara 85 a kan ɗaukar ma'aikata, suka ga gwajin aiki na zahiri da intabiyu mai tsari suna sahun gaba, yawan shekarun aiki kuwa yana can baya. A 2022 Paul Sackett da abokansa suka sake lissafin, suka rage yawancin alƙaluman, amma intabiyu mai tsari ta fito ta ɗaya. A ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 ke nufin hasashe cikakke, ta sami 0.42, hirar kara-zube ta sami 0.19. Ku lura, zakaran ma bai kai rabi ba. Duk wanda ya ce muku yana kallon mutum minti biyar ya san cikinsa, ku yi masa addu'a.

Tsarin ba wani abin wahala ba ne. Kafin a buga tallar aiki, a zauna a rubuta abin da mutumin zai riƙa yi a watanni shidan farko, daga nan a ciro abu huɗu ko biyar da za a auna. Kowa a yi masa tambaya iri ɗaya. A rubuta tun farko yadda amsa mai maki 2 take da yadda mai maki 4 take. Sannan, kuma wannan na fi so ku tafi da shi, kowane mai tambaya ya rubuta makinsa da dalilinsa ya miƙa kafin a haɗu a tattauna. A wurinmu idan oga ya riga ya ce "yaron nan bai yi mini ba", wane ƙaramin ma'aikaci ne zai ce shi ya yi masa? Takardar nan tana da wani amfanin da Turawa ba su cika ambata ba. Ranar da aka bugo waya aka ce Alhaji ya ce a duba yaron nan, kana da abin da za ka nuna cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe, ga makinsa, ga na sauran.

Akwai abubuwan da suka shafe mu nan gida. Mun taso an koya mana kada ka kafe babba da ido, kada ka yabi kanka. Yaronmu zai yi aiki shi kaɗai dare da rana, ka tambaye shi ya ce "mun ɗan taɓa". Mai tambayar da bai san wannan ba sai ya rubuta cewa ba shi da ƙarfin gwiwa. Kai da ka sani, tono za ka yi: wane ɓangare ne hannunka ya rubuta, me ya fara lalacewa, wa ka tambaya? Haka Turanci. Idan aikin na bukatar rubuta wa abokan ciniki na waje wasiƙa, a auna Turancin a fili, a ba shi makinsa daban. Idan ba ya bukata, bar mutum ya yi maka bayani da Hausa yana tsarma kalmomin sana'a, yadda dai muke yi a ofis kullum. Ga kuma wuta da sabis. Tun da kamfanin Andela ya fara a Legas a 2014 ƙofar aiki daga nesa ta buɗe wa matasanmu, yawancin intabiyu ta bidiyo ake yi. Idan hoton mutum ya daskare ana tsakiyar magana, ba shi ya ɗauke wutar ba. A sa masa wani lokaci.

Wasu kamfanoni kan ba da aikin gida, su ce awa uku ne, alhali sai ya cinye Asabar da Lahadi, da man janareta, da data. In za ku bayar, ku yanke shi ya zama awa biyu na gaskiya, ku gwada a kan ma'aikacinku tukuna. In ya wuce haka ku biya. Automattic, masu WordPress.com, sun daɗe suna ba masu neman aiki gwajin aiki na gaske suna biyansu dala 25 a kowace awa. Ba sai kun biya dala ba, amma gumin mutum ba sadaka ba ne. Zagaye bakwai na intabiyu ma ba shi da amfani. Google ya lissafa ya ga intabiyu huɗu sun isa a hango hukuncin ƙarshe da tabbacin kashi 86 cikin 100, abin da ya biyo baya ƙarin da yake yi kaɗan ne ƙwarai. Kamfani mai ma'aikata goma sha biyu, biyu sun ishe shi. Wanda ba ku ɗauka ba kuma, ku gaya masa cikin mako guda, da layi biyu na dalili.

Na san abin da ɗalibai ke jira in taɓo. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, yawancin tambayoyin haddar nan na'ura na amsa su cikin daƙiƙu. A 2025 wani ɗalibin Jami'ar Columbia, Roy Lee, ya ƙera manhajar da ke ɓuya a fuskar kwamfuta tana raɗa wa mai neman aiki amsa, ya yi ta tallarta a fili, jami'ar ta dakatar da shi. Kamfanoni suka rabu biyu. Shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce za su dawo da aƙalla zagaye ɗaya na ido da ido. Canva kuwa ya sanar a shekarar cewa yana son masu neman aikin injiniya su yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a cikin intabiyun kanta. Ni na fi karkata ga na biyun, da sharaɗi. Idan a ofis za ka bar shi ya yi aiki da ita, hana shi a ranar gwaji komawa ne ga farin allo. Na gwada da 'yar manhajata ta POS. Na'urar kan kawo gyara mai kyan gani nan take, wani lokaci daidai, wani lokaci ta toshe ƙofa ɗaya ta bar taga a buɗe. Sai in nuna layi ɗaya in ce, me ya sa wannan yake nan, me zai faru in na cire shi? Wanda ya fahimta zai amsa, ko ya ce bari mu cire mu gani. Wanda ya kwafa kawai sai ya koma yana tambayar na'urar.

Saura abu ɗaya, wanda ni ma sai da na daɗe kafin na fara yi. Takardun makin nan kada a zubar. A sa su a fayil, bayan shekara a ciro, a ajiye kusa da yadda kowane ma'aikaci ya kasance. Da na yi haka karon farko, na tarar akwai wata tambaya da nake ji da ita a kan tsara rumbun bayanai, wadda kusan kowa maki 3 yake samu, gwani da ɗan koyo. Ba ta raba kowa da kowa, minti goma sha biyar kawai take ci. Na cire ta, na ƙara wa karatun manhaja lokacin. Na kuma tarar ni da kaina ina ƙara wa waɗanda suka yi makarantar da na yi kusan maki guda. Tun daga ranar, idan takardar ɗan makarantarmu ta zo, wani nake ba ya zauna da shi, ni kuma in tafi shan shayina.

Shugaban taro, na ga hannuwa sun fara tashi a baya.